Kai Baba Ya Sallama, Ni Ya Ce In Zauna

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin tasowata, Alhaji Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, a duk inda kake a ƙasar Saudiyya. Mutanen Soron Ɗinki da na Zaitawa suna gaishe ka, da waɗanda suka san ka da waɗanda labarinka kawai suke ji.

Lambar da ka bar mini ta daɗe da daina shiga. Na sha ba alhazai saƙo, wani ya ce ya hango ka a Jidda, wani ya ce ai ka koma Madina. Shi ya sa na rubuta a nan cikin jarida inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka. Masu karatu su yi mini haƙuri, maganar gida ce.

Ka san ni da kishinka, Bukar, ba wani sabon abu zan gaya maka ba. Tun muna samari kake tsokanata da shi, in na haɗe rai ka ce, "Habibu, saki fuskar mana, ai ba ni na zaɓi kaina ba." To har yau ban sake ta ba, ga furfura ta fara fito mini.

Ka tuna ranar da mahaifiyarka, Ya Fanna, ta kawo ka wurin Baba? Mun gama sakandare ke nan, mahaifinka kuma ya daɗe da rasuwa. Baba dillalin shaguna da rumfuna ne, ofishinsa benci biyu ne a ƙarƙashin darbejiya, a bakin titin gindin Goron Dutse. Ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam, ga shi nan, ka koya masa abin da zai ci abinci da shi." Na yi murna a ranar. Na ɗauka na samu wanda zan riƙa aika.

Ba a jima ba wani mai sayar da fenti ya zo neman shago, mai shagon kuma ya kafe a kan kuɗin hayar da ya yanka. Baba ya yi magana har ya gaji. Kai kuwa sai ka ɗaga kai ka ga tattabaru a kan katangar mutumin, ka hau tambayarsa yadda yake kiwonsu. Ni ina gefe ina jin haushin ɓata lokacin da kake yi. Kafin la'asar mutumin ya shigar da kai cikin gida ya nuna maka ƙwansu, ya fito yana dariya ya ce ya sallama.

A hanyar komawa gida Baba ya ce, "Bukar yana jin ƙamshin ciniki tun ba a ɗora shi a wuta ba." Na jira in ji abin da zai ce a kaina. Sai ya ce in tuna in shigar da benci kada ruwa ya dake shi.

Daga nan ya miƙa maka tarin makullan nan nasa da ke cikin zoben waya. Duk shagon da za a nuna wa mai nema, kai ke gaba kana kaɗa su, ni ina biye. Ni ne ɗan da ya haifa, amma har mutanen unguwa suka koma cewa "Bukar na Malam". Ban taɓa jin an ce Habibu na Malam ba, wai don kowa ya san ni nasa ne.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ka tuna yadda gari ya ɗauka. Kowa cewa yake kuɗi na nan tafe. Duk mai gida a bakin titi ya kira magini, a fasa soro, a huda katanga, a sa ƙofar ƙarfe, ga shago ya fito. Alhaji Tanko, wani attajiri abokin Baba, ya gina dogon jeren shaguna ƙasa da bene kusa da bencinmu, ya ce mu za mu zuba masa 'yan haya. Ni da kai muka hau benen tun fenti bai bushe ba, muna nuna wa juna inda za a sa mai magani da inda za a sa mai yadi.

Kuɗin bai zo ba. Masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, babu wuta, kayan waje sun cika kasuwa. Ma'aikatan da aka sallama suka daina sayayya, masu shago suka fara dawo mana da makulli suna ba da haƙuri. Benen Alhaji Tanko ko rabi bai cika ba, waɗanda suka shiga ma suka riƙa fita. Kwaɗuna suka yi tsatsa a jikin ƙofofi. Awakin unguwa suka mayar da barandar wurin shan inuwa, ni ne mai share kashinsu duk safiya kada mai nema ya zo ya gani.

Sai ka zo wa Baba da maganar Abuja. Ka ce can 'yan siyasa sun cika gari, ana ta gina ofisoshi da manyan kantuna, wanda ya iya baki ba zai kwana da yunwa ba. Baba bai ko yi dogon tunani ba. Ya dafa kanka ya ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka, irinka ba a ɗaure shi a benci."

Abin da ba ka sani ba, washegari ni ma na same shi bayan sallar azahar, na ce ina so in bi ka. Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Kai ka zauna." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da jan carbinsa. Kai irinka ba a ɗaure shi, ni kuwa irina ana ɗaurewa. Na raka ka tasha na ɗaukar maka jaka, ka ba ni makullan ka ce in riƙe maka su. Na karɓa, amma kalmar "riƙe maka" ta daɗe tana ci mini rai.

Shekarun da suka biyo baya ba sai na tsawaita ba. Ƙafar Baba ta fara ciwo, aiki ya dawo kaina. Na zaga cikin gari a ƙasa har takalmina ya huje. In na ji an ce wani zai buɗe sana'a, ko a kasuwar Kurmi yake sai na je na same shi. In kai shi ya ga shago, ya yaba, ya ce zai dawo, shi ke nan. Alhaji Tanko in ya gan ni sai ya ce, "Da yaron nan Babarbare yana nan da tuni an cika mini wurin nan." A gaban mutane yake faɗa. In yi murmushi in ce haka ne, Alhaji.

Akwai watan da la'ada ko ɗaya ba ta shigo hannuna ba. Binta, matata, ita ta riƙe gidan da ɗan dambun naman da take yi ana kai mata kantuna. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ranar da ta ce, "Ko za ka yi wa Bukar magana?" ban ci tuwonta ba.

Da babbar sallah ka dawo da mota. Ba ta iya shiga lungunmu ba, ka ajiye ta a bakin titi. Baba, wanda masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe shi yake zuwa, ya ɗauki sandarsa ya taka har titi don ya gan ta. Ya shafa ta, ya zagaya ta, ya ce a buɗe masa ya zauna a gaba. Ina tsaye riƙe da takalminsa da ya cire a bakin ƙofar motar.

Ka nuna mana hotunan filazar da kuka gina da abokan hulɗarka, duk gilashi. Ka ce tun kafin a rufa ta aka kame shagunan, har da masu biyan shekara biyu gaba. Ni a lokacin ina roƙon mai gyaran rediyo ya zauna ko da rabin kuɗi. Ka kawo wa Baba alkyabba, ka kawo wa Binta atamfa, ni ka kawo mini shadda mai tsada. Na kai ta ƙasan akwati. Ba don ba ta yi mini ba, sai don kada in sa a tambaye ni in ce kai ka ba ni.

Ka ja ni gefe ka ce in biyo ka, akwai wurina. Da gaske kake, na sani. Na ce maka ai harka ta fara motsi a nan. Ka dube ni, ka dubi takalmina. Wannan kallon naka ya fi gorin Alhaji Tanko ciwo.

Bari in gaya maka yadda harkar ta motsa da gaske, tunda ba ka taɓa jin ta daga bakina ba. Wata rana wani dattijo da aka sallama daga masaƙa ya zo da keken ɗinki a kan baro. Ya ce ba shi da ƙarfin shago guda, ko akwai inda zai raɓe. Na ce babu. Har ya juya, sai na ga wani saurayi a tsallaken titi ya kafa lema da tebur, mutane sun yi layi suna buga waya suna biya. Lokacin wayar salula ta shigo gari ke nan. Na kira dattijon, na tsallaka na kira saurayin, na buɗe musu shago ɗaya na ce su duba ko zai ishe su su biyu.

Na je wa Alhaji Tanko da shawarar a raba manyan shagunan da katako, a bar mutane su riƙa biya wata-wata maimakon shekara. Ya ce shi bai gina bene don masu lema ba. Na yi ta zarya gidansa. Ni ban iya zancen tattabaru ba, abin da na iya shi ne in dawo gobe. Har ya gaji da ganina a soronsa ya ce in je in yi da shaguna biyu na ƙarshe, in ya lalace in biya katakon da kaina.

Masu katin waya suka shigo, masu cajin batir da ɗan janareta suka biyo, sai masu gyara, sai teloli, sai mai shayi ya kafa tebur a gefe saboda jama'a. Kowane ƙarshen wata ina bin su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba mu yi magana. Sannu a hankali ƙasa ta cika, aka hau bene. Masu gidajen da suka fasa soro suka bar shi a rufe suka fara aiko mini. Ranar da na sa mutum a shago na ƙarshe, ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Baba. Na durƙusa na ce, Baba, benen Alhaji Tanko ya cika.

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gaya wa Bukar? Zai ji daɗi."

Na fito tsakar gida na tsaya a bakin rijiya, na rasa abin da ya kawo ni wurin.

Sai kuma labarin rusau ya zo. Aka ce filin da kuka yi gini a kai takardunsa ba su inganta ba, an turo motoci sun baje filazar, abokan hulɗarka kowa ya kama gabansa, masu shaguna kuma kai suka sani. Ka sayar da mota da gida ka sallame su. Ka dawo Kano a motar haya da jaka ɗaya, wadda na raka ka da ita.

Na yi maka baƙin ciki, Allah ya sani. Amma ka san abin da na gani? Baba ya sa aka shimfiɗa maka tabarma kusa da gadonsa, ya riƙe hannunka tun hantsi har azahar, yana ba ka labarin asarar da shi ma ya taɓa yi a ƙuruciyarsa. Ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar, daga bakin ƙofa. Shekarun da na yi ina share kashin awaki bai taɓa riƙe hannuna ba. Har faɗuwarka sai da na yi kishinta, Bukar. Ka faɗi ma ka fi ni iya faɗuwa, kana dariya kana cewa aƙalla ka ga yadda bene yake durƙusawa.

Na ce ka zauna mu raba aikin, ya yi mini yawa. Ka ce, "Wannan gininka ne, Habibu, in na shigo za a ce nawa ne." Ka yi gaskiya, kuma na ji sanyi da ka ƙi, kuma na ji haushin yadda ka riga ni gane hakan. Bayan 'yan watanni ka tafi Umara, ba ka dawo ba.

Baba ya rasu da damina, ranar wata Alhamis da safe. Ni na yi jinyarsa, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu a baki. A kwanakinsa na ƙarshe duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya ce, "Bukar ne?" In ce a'a, Baba, wane ne. Ya mayar da kai. Ya sa mini albarka, ba zan ɓoye ba, ya sa mini da yawa. Amma ni ina kusa, ba a tambayar wanda yake kusa.

Ranar sadakar uku Ya Fanna ta kira ni cikin gida. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta ce, "Ranar da Malam ya ce wa Bukar ya tafi, da Bukar ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce mini, Ya, ni ba wanda zai ce mini in zauna." Ta ce Baba ya taɓa gaya mata cewa a cikinmu ɗaya zai iya rayuwa ko'ina, ɗayan kuma shi Baba ne ba zai iya rayuwa babu shi ba.

Na yi ta juya maganar nan. Wani lokaci in yarda, wani lokaci in ce tsohuwa ce kawai take lallashina. In gaskiya ne, me ya hana shi gaya mini da bakinsa? In kuma kai ka san haka, me ya hana ka gaya mini, ka bar ni ina ta haɗiyar abu shekara da shekaru? Kai kaɗai ka rage da zan tambaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An faɗaɗa titin da ya bi ta bayan gidanku na Zaitawa, gidan ya dawo bakin hanya. 'Yan'uwan mahaifinka da suke da gado a ciki suka taso a sayar, wani mai kuɗi ya taya, yana so ya rushe ya yi filaza. Ni suka kawo wa cinikin, don yanzu in ana maganar shago a cikin gari sunana ake fara kira. Ina da ofis mai ƙofa da fanka, Bukar, ban sani ba ko labari ya kai maka. Suka ce za a nema wa Ya Fanna ɗaki a bayan gari.

Na je na same ta. Ba ta yi gardama ba, ta dai ce, "In Bukar ya dawo, ina zai neme ni?"

Ciniki ne mai tsoka, irin wanda dillali yake jira shekaru. Na tara baffanninka a gaban mai unguwa na ce ba zan sayar ba, kuma in sun kai wa wani dillalin zan bi shi har gida in roƙe shi. Na ce a fasa katangar baya kawai a fitar da shaguna, haya ta riƙa shigo musu duk wata, cikin gida kuma a bar wa tsohuwa. Suka ce ba su da kuɗin gini, na ce zan nemo wanda zai gina a cire a haya. An yi ta kai ruwa rana. Babban cikinsu ya ce da kai ne da ka gama maganar nan a zama ɗaya. Na ce haka ne, Baffa, amma ni ne a nan. A zama na ƙarshe suka amince.

An gama ginin, shaguna sun kama. Ya Fanna tana ɗakinta, turaren wutarta yana tashi kamar yadda ka sani. Idonta ya yi rauni sosai. Duk Juma'a ina zuwa da maganinta, in zauna ta ba ni labarin Barno. Wani lokaci in na yi sallama sai ta ce, "Bukar, ka iso?" Da farko ina gyara mata. Yanzu na daina, sai in ce na iso, Ya. Ka ga inda ka kai ni. Uwa da uba duka na yi musu hidima da sunanka.

Amma ba ni take so ba, kai take so, kuma jikinta ba na jira ba ne. Idan kunya ce ta riƙe ka don ka tafi da mota ka dawo babu, to ka sani babu wanda yake wannan zancen sai kai. Idan takardun zama ne suka ɗaure ka, ka aiko a gaya mini, akwai hanyar da za a bi.

A cikin shagunan gidanku akwai na kwana, wanda yake kallon tituna biyu. Ya fi kowanne kyau. Mai magani ya nema, masu waya sun nema, har ɗan Alhaji Tanko ya aiko. Ni nake biyan hayarsa daga aljihuna, na bar shi a rufe. Binta ta ce ba ta taɓa ganin dillalin da yake hana shago ɗan haya ba. Naka ne. Ka zo ka buɗe ofis a ciki, ka kwashe mini rabin masu nemana da wannan bakin naka, na san za ka yi cikin wata guda. Zan ji haushi, zan haɗe rai, zan koma gida in ƙi cin tuwo. Na yarda. Kishin mutumin da kake gani kullum yana da sauƙi. Na wanda ba ka san ko yana raye ba shi ne ya gajiyar da ni.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mahaifinka a Aljanna. Allah ya ƙara wa Ya Fanna lafiya, ya ja kwananta har ta ji sallamarka ta gaskiya a ƙofar ɗakinta. Allah ya tsare ka a inda kake, ya buɗa maka, ko da buɗin zai fi nawa. Wannan ta ƙarshen ta yi mini nauyi a baki, amma na faɗe ta, kuma amin.

Naka har kullum,
Habibu na Malam,
Soron Ɗinki, Kano.